Yini Guda da 'Yan Gefen Biki a Folkestone

Wata Asabar ce cikin watan Satumba na 2021 muka hau jirgin ƙasa a tashar St Pancras ta Landan, ni da wani abokin karatuna, muka nufi Folkestone, wani gari da ke bakin teku a yankin Kent, kudu maso gabashin Ingila. Tafiyar ba ta cika awa guda ba. Ni na matsa a yi ta. Shi iskar teku kawai ta fito da shi, don tun a cikin jirgi ya amayar mini da abin da ke ransa. Ya ce, "Malam, ni fa wannan fasahar zamani ba ta taɓa shiga kaina ba. A ajiye bulo biyu a tsakar ɗaki, a ce ka tsaya ka yi tunani?" Na ce masa ya bari mu isa tukuna, gani ya kori ji.

Duk bayan shekara uku garin kan shirya gagarumin baje kolin fasaha, wanda ba a cikin zaure ake yinsa ba. A kan titi ake girka ayyukan, da bakin ruwa, da jikin gine-gine, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a kalla. An fara a 2008, aka sake a 2011 da 2014 da 2017. Na biyar a 2020 aka so yinsa, annobar korona ta tura shi zuwa shekarar da muka je. Manyan masu fasaha na duniya ake gayyatowa, a ba kowa wuri da kuɗin aiki, idan an tashi kuma a bar wasu ayyukan a garin dindindin. Amma ni ba su kaɗai suka kai ni ba. Na ji labarin cewa a gefen wannan babban taro akwai wasu da ke yin nasu, mazauna garin da ba a buga sunayensu a babbar taswira ba, suna baje kayansu a shagunan da babu kowa, da rumbunan masunta, da falon gidajensu. Kalmar da Turawa ke kiran wannan ɓangare da ita, wato Fringe, tana nufin geza, zaren nan da ke reto a bakin mayafi. Sunan ya samo asali ne daga birnin Edinbara, inda a 1947 aka buɗe wani babban bikin wasanni, sai ƙungiyoyin wasan kwaikwayo takwas da ba a gayyata ba suka zo abinsu, suka nemi ɗakuna, suka yi wasansu a gefe. Bikin farar kaza, balbela ba sai da gayyata ba. Ni dai 'yan gefe nake ce musu.

Daga tashar jirgi muka taka zuwa Leas, wani dogon fili mai ciyawa a saman tudun da ke kallon teku. Gari ya yi garau ranar, har muna hango gaɓar Faransa can nesa kamar farin zare. A nan muka fara cin karo da aikin Mark Wallinger na 2008. In ba ka lura ba sai ka wuce shi, don a ƙasa yake shimfiɗe: tsakuwar bakin teku ce aka jera cikin siminti, kowace ɗaya da lambarta a jiki, daga 1 har 19,240. Adadin sojojin Birtaniya ke nan da aka kashe a rana ɗaya tak, 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gwabzawar Somme a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abokina ya tsuguna ya sa yatsa a kan wata tsakuwa, ya karanta lambarta a hankali, bai ce komai ba. Daga wurin muka bi gangaren da ake kira Titin Tunawa, wanda miliyoyin sojoji suka sauka ta kansa zuwa tashar jiragen ruwa a waɗancan shekaru, da yawansu ba su dawo ba. An ɗaɗɗaure jajayen furanni na saƙa a jikin ƙarafunan gefen hanya, rana ta kashe kalar wasu, wasu sababbi fil.

Wanda bai san abin da ya sami garin nan ba, ba zai gane me ya kawo fasaha cikinsa ba. A da Folkestone ƙofar Ingila ce zuwa Turai. Jirgin ƙasa kan sauko da fasinja har bakin ruwa, su shiga jirgin ruwa zuwa Boulogne ta Faransa. Masu hali kuma nan suke zuwa hutu. Da jirgin sama ya yi arha, 'yan hutu suka koma ƙasashe masu rana. A 1994 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku zuwa Faransa, bakinta yana nan gefen garin, sai matafiya suka riƙa wucewa ba tare da sun taka cikin gari ba. Zuwa 2000 jiragen fasinja sun daina tashi daga tashar. Shaguna suka rurrufe. A wannan hali ne Roger De Haan, attajirin da mahaifinsa ya kafa kamfanin Saga a garin, ya zuba kuɗi aka kafa wata gidauniya a 2002, ta riƙa karɓar tsofaffin gine-gine tana gyarawa tana ba masu fasaha haya. A 2004 ya sayi tashar jiragen ruwan kanta. Babban bikin daga wannan yunƙuri ya fito.

Mun iske teku ya janye. Jiragen masunta duk sun kwanta a kan laka, sun karkace gefe guda, tsuntsayen teku na yawo a tsakaninsu. A tsakiyarsu ga wani ɗan gida ruwan hoda, mai baƙin layi a gefuna kamar zanen littafin yara. Ɗaya ne daga gidaje shida da Richard Woods ya warwatsa a garin a 2017, yana nuni da masu sayen gida na biyu don hutu alhali wasu ba su da na farko. Muka bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wadda aka gyara ta zama hanyar masu tafiya a ƙasa, layin dogon yana nan an shuka ciyayi a tsakani. Muka hau doguwar katangar da ta kutsa cikin teku, wadda yanzu ta cika da rumfunan abinci da kiɗa. A ƙarƙashinta, in ka bi wasu matakala masu santsi, akwai mutum-mutumin ƙarfe na Antony Gormley, tsaye shi kaɗai yana kallon ruwa, tsatsa da gansakuka sun rufe shi. Mutane sun yi layi suna ɗaukar hoto. Na kalla, ya burge ni, amma ban daɗe ba. Aikin ya cika, ba ya neman komai a wurina.

A dawowa ne, bayan tsohuwar tashar, na ga wata kwantena a buɗe, an jingina wani allo a bakinta an rubuta da alli cewa a shigo. Babu tambari, babu mai gadi. Ciki wata dattijuwa ce zaune a kujerar roba, da fulas ɗin shayi a gefenta. Ta yi mana maraba kamar ta san da zuwanmu. Bangon kwantenar duka ukun an buga ƙusoshi, a kowace ƙusa an rataye abu guda: guntun igiya, safar hannu ta masunci, murfin kwalba, buroshin haƙori, cokali, takalmi wari guda. Kowanne da 'yar takarda ɗaure da zare, an rubuta kwanan wata da wurin da aka tsince shi. Ta ce shekara biyu ke nan kullum da safe takan bi bakin ruwa daga nan zuwa Sandgate, duk abin da teku ya tofo ta ɗauki guda ɗaya kacal. Ba ta jera su bisa kyau ko kala ba, bisa kwanaki ta jera, don haka in ka bi bangon daga hagu zuwa dama kamar kana karanta kalanda ne.

Na tsaya a gaban wani famfon hura iska na ƙafa, baƙi, gishiri ya cinye ƙarfen jikinsa, yashi ya cika bututun. Kusa da shi, bayan kwana uku a lissafinta, ga takalmin yaro shuɗi, wanda bai fi tafin hannuna ba, maɗaurinsa a ɗaure. Na ce, "Mama, waɗannan fa?" Ta ɗan yi shiru. Ta ce mai yiwuwa na iyalin da suka zo wanka ne suka manta, mai yiwuwa kuma na waɗanda suka tsallako da dare ne cikin kwale-kwalen roba. Ta ce teku bai rarrabe su ba, ita ma ba za ta rarrabe ba. Maganar ba ta nesa ba ce a wurinsu. A wannan gaɓar ce masu neman mafaka ke sauka daga Faransa, kuma daga Satumba 2020 gwamnati ta riƙa ajiye wasunsu a tsohon barikin soja na Napier da ke gefen garin, wurin da wata babbar kotu ta yanke hukunci a watan Yuni 2021 cewa bai cika ƙa'idar da ta dace ba. Garin nan dai shi ne ya karɓi dubban 'yan gudun hijirar Beljiyam a 1914. Dattijuwar ba ta yi mana wa'azi a kan ko ɗaya ba. Shayi ta zuba mana a kofunan takarda, ta tambaye mu karatun me muke yi. Da muka fito abokina ya ce, "Mutumina, wannan takalmin ya tsaya mini a rai." Mun fi minti arba'in a cikin kwantenar nan, kuma a tsawon lokacin mutum uku ne kawai suka leƙo.

Lokacin azahar ya yi, muka nemi masallaci. Yana kan titin Foord Road South, kusa da wata doguwar gadar jirgin ƙasa ta bulo mai baka 19, wadda aka gina a 1843. Ginin masallacin ba shi da wata alama daga waje, har an daɗe da yawan mutanen gari ba su san akwai shi ba. A bikin 2017 HoyCheong Wong, ɗan ƙasar Malesiya, ya yi masa fuska ta wucin gadi mai hasumiyoyi, wadda ake haskawa da dare. A shekarar da muka je kuma, shi da Simon Davenport da Shahed Saleem sun kafa wata doguwar fitila mai launuka a harabar, suka sa mata suna Nur. Wannan na babban biki ne, amma ya fi kowanne kama da aikin 'yan gefe, don masu wurin suna nan a tsaye kusa da shi. Bayan sallama wani bawan Allah ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, baƙi ne ku?" Na ce daga Landan muke, kallo muka zo. Ya yi murmushi ya ce tun da aka kafa fitilar nan, maƙwabtan da suka shekara ashirin suna wucewa ba su taɓa leƙowa ba sun fara shigowa suna tambaya. Na ji daɗin wannan magana har cikin raina.

Daga nan muka gangara tsohon titin kasuwa, wani siririn lungu mai daɓen duwatsu da ya sauko daga tudu zuwa bakin ruwa, shagunansa an shafe su da fenti kala-kala. A nan hoton Banksy yake, na wata mata da na'urar sauraro a kunne tana kallon dandamalin da babu komai a kansa. A 2014 ya bayyana a jikin wani bango, aka yanke bangon aka kai shi Miami ta Amurka don a sayar, aka yi shari'a, kotu ta ce a dawo da shi, a 2020 aka sake kafa shi a wannan titi. Jama'a sun yi cincirindo a gabansa. Mu muka kauce, muka bi wata kibiya da aka zana a kwali aka manna a jikin fitilar titi, ta kai mu wani lungu, ta kai mu ƙofar wani gida a buɗe.

Falon gidan ne ɗakin nunin. An tura kujeru jikin bango an lulluɓe su da zanin gado, ga kekunan yara a ƙarƙashin matakala. Mai gidan, wani magidanci da fenti ya bushe a faratansa, ya rataye zane goma sha biyu, duka na abu guda: tagogin shagunan titin da muka baro, amma yadda suke a da, an rufe su da katako, an manna takardun neman mai haya. Ya zana su da kulawa irin wadda ake yi wa fuskar masoyi, har tsagewar gilashi da ɗigon tsatsa. Na tambaye shi me ya sa yake zana abin da kowa ke murnar wucewarsa. Ya ce shi ma yana murna, ba ya fatan garin ya koma waccan rayuwa. Amma a lokacin da tagogin suke haka ne ya iya kama ɗakin aiki da ɗan abin da yake samu. Yanzu gari ya yi suna, jirgi mai sauri ya mai da Landan kamar unguwar maƙwabta, 'yan saukowa daga Landan, kamar yadda suke kiransu, sun sayi gidaje, haya ta yi tashin gwauron zabi. Ya saki ɗakin aikin, ya dawo yana zane a kicin bayan yara sun yi barci. Ta tagarsa ana hango ƙarafunan ɗaga kaya a bakin teku, inda ake gina sababbin gidaje masu tsada.

Wannan magana ta dame ni, don ni ma ɗan saukowa daga Landan ne a ranar, da tikitin komawa a aljihu. Ba zan ce kuɗin da aka zuba a garin nan ɓarna ba ne. Na ga yara suna wasa a inda aka ce da kango ne, na ga shaguna a buɗe, na ga masallaci da maƙwabta suka fara sani. Sai dai wanda ya share fili ba lallai shi ke shimfiɗa tabarma ba. Masu fasahar da suka zauna a lungunan nan lokacin da babu mai so, su suka sa wurin ya yi kwarjini, kuma su ne farkon waɗanda tsadar ke turawa waje. Babbar taswira ba ta faɗa mini haka ba. A falon mutumin nan na ji, ina riƙe da kofin ruwa, 'yarsa tana leƙe daga saman bene. Na sayi ƙaramin kati mai hoton ɗaya daga tagogin, shi ne abin da aljihuna ya iya.

La'asar ta yi sanyi muka isa Sunny Sands, ɗan bakin teku mai yashi da ke bayan rumbunan masunta. Mafi yawan gaɓar yankin tsakuwa ce, shi ya sa iyalai ke taruwa a nan. A kan wani dutse ga aikin Cornelia Parker na 2011, mace ta tagulla zaune tana kallon ruwa, wadda aka zuba bisa siffar wata mazauniyar garin. Ba nisa da nan ne a 2014 Michael Sailstorfer ya binne sandunan zinariya 30 na fam 10,000 a cikin yashi, ya ce duk wanda ya tono nasa ne, gari ya fito da shebur da bokiti. Har yau in ka ambata, mutane sai sun yi dariya.

Tun da rana na hango wani saurayi daga nesa yana jan wani abu a kan yashin, ban gane ba sai yanzu. Manjagara ce a hannunsa. Ya rubuta manyan haruffa da lambobi, kowanne ya fi tsayin mutum, layi bayan layi tun daga bakin ruwa har kusa da katanga. Kowane layi da haruffa biyu yake farawa, FE, sannan lamba. Na gane su, don na gan su ɗazu a goshin jiragen da ke kwance a laka: alamar rajistar jiragen kamun kifi na Folkestone ce. Ya ce waɗannan na jiragen da babu su ne yanzu, wasu an sayar, wasu an farfasa. Kakansa masunci ne, shi ya riƙa faɗa masa lambobin da ka, shi kuma yana rubutawa a wani ɗan littafi da ya ciro daga aljihun baya ya nuna mana, ruwa ya jiƙa gefunansa sun kumbura. Ba wanda ya ba shi izini, ba wanda ya ba shi kuɗi. Hoto ma ba ya ɗauka.

Abokina ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "Malam, ka lura kuwa? Mutanen garin nan duk ƙidaya suke yi. Wancan ya ƙirga sojoji, tsohuwar nan tana ƙirga kwanaki, wannan yana ƙirga jirage." Ya cire takalminsa ya naɗe ƙafar wando, ya tambayi saurayin ko zai ba shi aron manjagarar. Ya ba shi, ya karanto masa lamba ta ƙarshe daga littafin. Abokina ya ja ta a kan yashi a hankali, yana waiwaye kada ya taka na baya.

Kafin ya gama ruwa ya riga ya cinye layuka huɗu na ƙasa. Ba da ƙarfi yake zuwa ba, sai ya shimfiɗo kamar mayafi ya koma, harafin ya dushe, ya sake zuwa, wurin ya zama sumul. Wasu yara suka riƙa tsalle daga lamba zuwa lamba suna tsere da kumfa. Muka zauna a kan katanga mu uku har ruwan ya kai layin da abokina ya rubuta. Saurayin ya karkaɗe manjagararsa ya saɓa a kafaɗa. Na tambaye shi ko gobe ma zai zo. Ya ce zai zo, sai dai janyewar teku kullum takan yi jinkirin kusan minti hamsin a kan ta jiya, don haka gobe sai wajen ƙarfe biyu zai fara.